Fitilar da Ta Ƙi Ƙiftawa

Gaisuwa ga mutanen Yauri da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Matameye, Kance, Ɗan Barto, Dungu, Kurni da Tsauni, har da ƴan uwanmu na tsallaken iyaka wajen Daura da ke kama mu. Filin namu ne na koyon aikin lantarki, kuma yau da masu fara koyo muke. Wanda yake da takarda da biro ya jawo su kusa, don akwai lambobin da za a rubuta. Iyaye da malaman makaranta, ku ma kada ku tashi, akwai rabonku a ciki.

Maganarmu ta yau a kan haɗin farko ce da kusan duk mai koyo yake farawa da shi: ƴar fitilar LED da za ta riƙa kamawa tana mutuwa da kanta, irin yadda siginar babur ke yi. Ana haɗa ta a kan allon gwaji, wato farin allon roban nan mai ramuka jere, wanda ake cusa ƙafafun kaya a ciki ba sai an sa dalma ba. Yaro ya samo kayansa da ƙyar, wani daga wajen mai gyaran rediyo a Matameye, wani saƙo ya bayar aka sayo masa a Kasuwar Dole ta Damagaram ko Sabon Gari ta Kano. Ya zauna ya jera komai yadda ya gani a zane, ya ɗaura batir, shiru. Ko kuma fitilar ta kama ta tsaya cak, ta ƙi ƙiftawa. Abin da yake yi a nan shi ne ya sa hannu ya tsige komai, ya sake jerawa daga farko. In ta sake ƙi, sai ya ce kayan ne jabu.

To, wannan tsigewar nake so mu daina. Haɗin da ya ƙi aiki yana ɗauke da shaidar abin da ya hana shi, kuma duk wanda ya wargaza shi ya ɓatar da shaidar da hannunsa. Ko da ya yi sa'a ta kama a karo na biyu, bai san abin da ya gyara ba, gobe kuma zai sake faɗawa ramin. Mai gyara na ƙwarai ba yawan kaya ne ya raba shi da sauran ba. Bin sawu ya iya: ya duba abu ɗaya, ya tabbatar, sannan ya wuce na gaba.

Bari mu fara daidaita haɗin, don mu tabbata abu ɗaya muke magana a kai. Zuciyarsa ƴar baƙar aba ce mai ƙafa 8, wadda masu gyara ke ce wa ayisi, an rubuta 555 a bayanta, sau da yawa NE555. Wani injiniya haifaffen Suwizalan mai suna Hans Camenzind ne ya zana ta a 1971 wa kamfanin Signetics na Amurka, ta shiga kasuwa a 1972, kuma har yau ba a daina ƙera ta ba. Ku rubuta. Ƙafa ta 8 da ta 4 suna zuwa layin wuta, mai alamar ƙari. Ƙafa ta 1 tana zuwa mas, wato layin mai alamar ragi. Rezistans mai om 1,000 tsakanin layin wuta da ƙafa ta 7. Wani mai om 68,000 tsakanin ƙafa ta 7 da ta 6. Ƴar gajeriyar waya ta haɗa ƙafa ta 6 da ta 2. Kwandansa mai mikrofarad 10 tsakanin ƙafa ta 2 da mas. Daga ƙafa ta 3 kuma rezistans mai om 470 ya fita ya shiga fitilar, fitilar ta sauka a mas. Shi ke nan. In komai ya zauna daidai, da batir mai bolt 9, fitilar za ta kama kimanin rabin daƙiƙa, ta mutu kimanin rabin daƙiƙa.

Sai an san yadda abu yake tafiya in yana lafiya kafin a gane ciwonsa. Ku ɗauki kwandansa randa ce, rezistans ɗin nan biyu kuma siririn tiyo ne da ke ɗura mata ruwa. Ayisin tana tsaye tana leƙen randar ta ƙafa ta 6 da ta 2. Muddin ruwa yana hawa, fitila na kunne. Da ya kai kashi 2 cikin 3, sai ta kashe fitila, ta buɗe magudana ta ƙafa ta 7, ruwan ya fara sauka. Da ya sauka zuwa kashi 1 cikin 3, ta toshe magudanar, ta sake kunna fitila. Da batir mai bolt 9, wutar da ke kan kwandansa tana kai da komo ne tsakanin bolt 3 da bolt 6. Ku riƙe waɗannan lambobi biyu, za mu neme su an jima.

Bincike daga batir yake farawa, kuma a nan yankinmu nan ne aka fi yin tuntuɓe. Batir mai bolt 9 ba ko'ina ake samunsa ba, saboda haka yara kan ɗauki abin da ke hannu. Wanda ya fi kusa shi ne batirin tsohuwar salula, mai bolt 3.7. Wannan ba lallai ne ya tayar da NE555 ba, don ita mafi ƙarancin abin da take so bolt 4.5 ne. Pil uku na tocila a jere suna ba da bolt 4.5 daidai, amma da sun ɗan ja jiki sai su gaza, don haka a sa huɗu, a sami bolt 6. Wutar da ke fitowa daga bakin cajar waya ko fawa banki, mai bolt 5, ita ma tana yi.

Akwai biyu da nake jan kunne a kansu. Na farko faranti mai kama hasken rana. Ko an ce maka na bolt 12 ne, in ba a ɗora masa kaya ba, da rana tsaka yakan kai bolt 20 ko ya wuce, ita kuwa wannan ayisin ba a kai ta sama da bolt 16. Ɗaura ta kai tsaye a faranti kashe ta ne. Na biyu batirin babur ko na sola. Bolt 12 ɗinsa bai fi ƙarfin ayisin ba, sai dai in wayoyi biyu suka haɗu bisa kuskure, batirin yana da ƙarfin da zai narkar da waya da allon gaba ɗaya, ya ƙona hannu. Wanda ba shi da wani sai shi, ya sa fiyus a kan wayar wuta, ya kuma mayar da rezistans ɗin fitila mai om 1,000. Ita kuwa wutar NIGELEC ta bango, mai bolt 220, ba ta da wata hulɗa da allon gwaji. Ko kusa. Iyaye, wannan ku ma ku sa ido a kai.

A auna batir yana ɗaure a jikin haɗin, ba a ware ba. Batirin da ya gaji yakan nuna bolt 9 a mitar auna wuta in yana zaune shi kaɗai, da an ɗora masa kaya sai ya durƙushe.

Yanzu shi kansa allon. Na fi son mu daɗe a nan, domin mafi yawan abin da ake ɗora wa ayisi laifin allo ne da ba a fahimta ba. In kana da tsohon allo da ba ka jin asararsa, juya shi ka ɗaye takardar da ke manne a bayansa. Za ka ga ƴan ƙarafuna jere, kowanne yana riƙe da rami 5. Wato ramuka biyar ɗin nan da ke jere daga kwarin da ke tsakiyar allon zuwa gefe, abu ɗaya ne, duk abin da ka cusa a cikinsu ya haɗu. Ramin da ke maƙwabtaka da su a jeri na gaba kuwa, ko da yake tazararsu ba ta wuce milimita 2.54 ba, babu abin da ya haɗa su. Kwarin tsakiya kuma ya raba biyar na sama da biyar na ƙasa.

Daga nan kurakurai uku ke fitowa. Mai koyo ya cusa ƙafafun fitila biyu a jeri ɗaya, sai wuta ta bi ƙarfen ta wuce, ba ta shiga fitilar ba. Ko ya dasa ayisi a gefe guda, ba ta haye kwarin ba, sai ƙafafun da ke fuskantar juna su haɗe. Ko kuma waya ta goce da rami ɗaya tak, ta faɗa jerin da babu komai. Wannan na uku shi ne mai wahalar gani, musamman da dare a hasken tocila, don daga sama sai ka rantse daidai take. Sunkuya ka kalli allon daga gefe, ka bi jerin da tsinken ashana tun daga ƙafar ayisi har inda wayar ta shiga.

Sai dogayen layukan gefe, ja da shuɗi. Na sama da na ƙasa ba a haɗe suke ba, kai ne za ka haɗa su da waya. Wasu manyan alluna masu rami 830 kuma layin nasu a yanke yake a tsakiya. Duba zanen jan layin: in ka ga ya katse ya sake ci gaba, to ƙarfen ciki ma a nan ya katse. Batir yana rabin hagu, haɗi yana rabin dama, kowa yana jiran kowa.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Madalla. Masu saurare, muna tare, kuma maganar fitilar LED da ta ƙi ƙiftawa muke yi.

Batir lafiya, wuta ta zagaya allo. Abu na gaba, a raba haɗin biyu. Zare ƙafar rezistans mai om 470 daga ƙafa ta 3 ta ayisi, ka soka ta a layin wuta kai tsaye. In fitila ta kama, ka wanke ta daga zargi, ita da rezistans ɗinta, ka mayar da ƙafar inda take. In ba ta kama ba, ba ruwan ayisi tukuna. LED hanya ɗaya take karɓar wuta. Doguwar ƙafa tana kallon ɓangaren wuta, gajeriya tana kallon mas. In ta tsohuwar tocila ce ko rediyo, an riga an datse ƙafafun sun zama daidai, sai ka shafa gindinta da yatsa: gefen da aka shafe, wanda ba shi da zagaye, shi ne na mas. Juya ta ba ya kashe ta a irin wannan haɗi. Abin da ke kashe ta shi ne a ɗaura ta a batir mai bolt 9 ba rezistans, wai don a gwada. Za ta yi haske sau ɗaya, ta tafi ke nan. Ja tana buƙatar kimanin bolt 2, fara da shuɗiya kimanin bolt 3, kuma ƙanana irin waɗannan ba a wuce musu miliampa 20. Mai son gwada ta a hannu ya matse ƙafafunta a jikin ƙaramin batir mai faɗi na bolt 3, irin na rimot ko na sikeli. In an gama a ɓoye batirin, kada ƙaramin yaro ya haɗiye shi, don yana ƙona maƙogwaro.

Bari in ɗan ratse. Wannan ƴar fitila da muke juyawa a yatsa ba ta daɗe a duniya ba. A 1962 Nick Holonyak ya fito da ja a kamfanin General Electric. Shuɗiya ta ƙi samuwa sai bayan shekara kusan 30, a hannun wasu ƴan Japan uku, Akasaki da Amano da Nakamura, waɗanda aka ba kyautar Nobel a 2014. Daga shuɗiyar aka sami fara, kuma farar ce ta kori aci-balbal da fitilar kananzir daga ɗakunanmu. Duk tocilar da mai shayi ya rataya, da wadda ɗalibi ke bita da ita a Yauri da dare, ita ce a ciki. Saboda haka yaron da ya san halinta ya san abin da ke cikin kusan kowane gida a garinsu.

Mu koma. Fitila lafiya, saura ayisi. Kafin komai taɓa bayanta da yatsa. In ta yi zafi, cire batir nan take. Abu biyu suka fi kawo haka: ko an dasa ta a juye, ko an kai ƙafa ta 7 layin wuta ba rezistans a tsakani. Duba jikinta, akwai ɗan gibi a gefe ɗaya, wani lokaci da ɗigo kusa da shi. Sa gibin ya kalli hagunka. Ƙafar da ke ƙasa a hagu ita ce ta 1, ka ƙirga zuwa dama, 2, 3, 4. Daga nan ka haura sama a dama, ita ce ta 5, ka dawo hagu, 6, 7, 8. Zagaye ake yi. Wanda ya ƙirga jerin sama daga hagu ya mayar da ta 8 ta zama ta 5, duk abin da ya ɗora a kai kuma ya karkace. Sabuwar ayisi ƙafafunta a ɗan buɗe suke, wajen dannawa ɗaya takan lanƙwashe ta shige ƙarƙashin cikinta, daga sama ba ka gani. Ɗaga ta a hankali da bakin ƙaramin sukundireba ka ƙirga ƙafa takwas.

Ƙafa ta 4 ita ake yawan mantawa. In an kai ta mas, fitila ba za ta taɓa kamawa ba. In an bar ta a sake, yau ta yi, gobe ta ƙi. A ɗaure ta da layin wuta a huta.

Yanzu ga wanda ya fi ɗaure wa mutane kai: fitila ta kama, amma ta tsaya. Sau da yawa ba tsayawa ta yi ba. Ƙiftawa take yi da saurin da ido ba ya iya bi, don in abu ya wuce sau talatin zuwa hamsin a daƙiƙa, ido yana ganinsa haske ɗaya ne. Ga gwajin da ba ya cin ko dala: shiga ɗaki mai duhu, riƙe allon da batirinsa, ka kaɗa hannu da sauri hagu da dama. In ka ga zaren haske ɗaya miƙaƙƙe, a tsaye take da gaske. In ka ga zaren a gutsuttsure, ɗigo-ɗigo, to haɗinka yana aiki, sauri ne ya yi masa yawa.

Me ke kawo saurin? Launi. Rezistans mai om 68,000 zobensa shuɗi, ruwan toka, ruwan goro. Mai om 6,800 shuɗi, ruwan toka, ja. Mai om 680 shuɗi, ruwan toka, ruwan ƙasa. Kun ji bambancin duka a zobe na uku yake, kuma ruwan goro da ja da ruwan ƙasa, a jikin tsohon rezistans da ya sha zafi, da dare, kusan abu ɗaya ne a ido. Amma ku ji abin da suke haifarwa. Da ruwan goro, fitila tana ƙiftawa kimanin sau 1 a daƙiƙa. Da ja, kimanin sau 10, tana ɓari. Da ruwan ƙasa, kimanin sau 60, sai ka ce a kunne take. Ni shawarata kada mai koyo ya yarda da idonsa a kan launi. Ya zare ƙafa ɗaya, ya ɗora mita, ya karanta lamba. In babu mita, ya bari sai gari ya waye ya duba a hasken rana.

Haka kwandansa. Wadda muke so mai siffar ƴar gwangwani ce, an rubuta 10 da alamar mikrofarad a jiki. In aka sa ƴar faifan nan mai lamba 104, ƙarfinta kashi ɗaya cikin ɗari ne na waccan, saurin zai ninka sau ɗari. Ita mai gwangwanin kuma tana da gaba da baya: gefen da aka ja wa zane mai alamar ragi shi ke zuwa mas. In an juya ta sai ta riƙa yoyo, wuta ta kasa kai bolt 6, fitila ta zauna a kunne, wani lokaci ma kwandansar ta kumbura ta fashe. Kada a sunkuyar da fuska a kanta. A kuma duba an rubuta bolt 16 ko 25 a jikinta.

In kuwa fitila ta kama sau ɗaya da an ɗaura batir, ta mutu ba ta dawo ba, je ka ƙafa ta 7. Kwandansa ta cika, babu hanyar da za ta sauke. Wayar nan da ke haɗa ta 6 da ta 2 in ta ɓace, ko ta goce, fitilar takan maƙale a gefe ɗaya, ko ka ga tana motsi in ka kai hannu kusa.

Mai mita yana da hanyar da ta fi duk wannan sauri, kuma ina roƙon duk mai niyyar wannan sana'a ya sa mita a gaban komai cikin abin da zai saya. Sa baƙin tsinke a ƙafa ta 1. Jan tsinke a kan ƙafa ta 8, a jikin ƙafar kanta, ba a ramin kusa da ita ba. Ya kamata ka ga wutar batir cikakkiya. Ƙafa ta 4, haka. Ƙafa ta 5, kimanin bolt 6 in batirin na bolt 9 ne, kuma wannan alama ce mai kyau cewa wuta ta shiga cikin ayisin. Sai ƙafa ta 6: lamba ta riƙa hawa da sauka tsakanin 3 da 6. In saurin ya hana mita nunawa, canza kwandansa da mai mikrofarad 100, zagaye ɗaya zai ɗauki kusan daƙiƙa 10, ka zauna ka kalli lambar tana hawa, 4, 5, 6, fitila ta mutu, lamba ta juyo. Gani ya kori ji. In ta tsaya a sifili, ko wuta ba ta isowa ta rezistans, ko kwandansa ta haɗe a ciki. In ta haura har kusa da 9 ta zauna, ba a sauke ta, koma ƙafa ta 7. Sai ka bi duk wannan, komai ya fito daidai, ƙafa ta 3 kuma ta ƙi motsi, sannan kake da hujjar cewa ayisi ta mutu.

Akwai abin da littattafan waje ba sa faɗa, don ba a ƙasarmu aka rubuta su ba. Kayanmu da yawa na cire-cire ne daga matattun rediyoyi da caja da tocila. Wannan ba abin kunya ba ne, dabara ce, amma kayan cire-cire suna da sharaɗi. Ƙafarsu gajeriya ce, ba ta kai ƙarfen da ke cikin rami, ga guntun dalma a manne da ke buɗe bakin ƙarfen har ya saki, gobe ko sabuwar waya ka sa ba zai riƙe ba. A kankare dalmar, a ƙara wa ƙafar tsawo da ƴar waya. Kwandansar da ta shekara cikin zafin bazara takan bushe, ƙarfinta ya ragu, wadda kanta ya kumbura kuwa a jefar. Babbar kwandansar cikin caja ko talabijin tana iya riƙe wuta bayan an cire daga bango, mai koyo ya bar ta sai da babba a kusa. Ƙurar hunturu tana cika ramuka, laimar damina tana sa ƙafafu tsatsa, don haka allo a leda yake kwana, ƙafar da ta dushe kuma a goge ta da reza sai ta yi ƙyalli. Waya mai gashi-gashi ba ta shiga allo da kyau, silinta ɗaya ya kauce ya taɓa maƙwabci. A nemi mai ƙarfe ɗaya, irin ta cikin kebul ɗin intanet. Alamar duk waɗannan ɗaya ce: fitila tana yi, in an taɓa tebur ta daina. Bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya kana dannawa da tsinke, wadda ta sa fitila ta canza hali ita ce.

Wanda bai sami 555 ba, ana yin wannan haɗi da taranzisto biyu, kuma shi yana tashi ko da batirin salula. Abu ɗaya zan ce a kansa yau. Taranzistocin nan baƙaƙe masu ƙafa uku kamarsu ɗaya, amma jerin ƙafafunsu ya bambanta. In ka fuskanci gefen da aka yi rubutu, ƙafafu suna ƙasa, ƙafar da ake kira bes tana tsakiya a BC547, amma a C945 da ke cika tsofaffin rediyoyi tana ƙarshen dama. Wanda ya bi zanen BC547 ya dasa C945 haka nan, zai kwana yana nema.

Malamai da iyaye, ga naku. In yaro ko yarinya suka kawo muku allo ya ƙi aiki, kada ku karɓa ku gyara musu, ko kun iya. Tambaye su: me ka auna, me ka gani? Ku sa su buɗe littafi su rubuta abin da suka canza da abin da ya biyo baya, abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a cire batir kafin a motsa kowace waya. Na ce yarinya da gangan. Wannan aiki natsuwa yake so da ido, ba ƙarfin damtse ba, kuma famfunan sola da ke shiga garake, da fitilu da salular da ke kowane gida, duk masu gyara suke jira, a nan kusa, ba sai an ɗauka zuwa Damagaram ba.

Wanda ya bi duk abin da muka faɗa fitilarsa ta ƙi, ya aiko mana da saƙo nan tasha. Amma kada ya ce kawai ta ƙi. Ya faɗa mana irin batirin da ya sa, launin zoben kowane rezistans, abin da aka rubuta a jikin kwandansa, da abin da mita ta nuna a ƙafa ta 8, ta 4, ta 6 da ta 3. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki haɗin taranzisto biyu daga tushe, don haka a tanadi guda biyu iri ɗaya, da fitila biyu, da kwandansa biyu masu mikrofarad 10. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.